Muciya a Kan Kuloci

Ruwan farko ya sauka a Tamale ran Litinin da la'asar. Ina zaune a ƙofar ɗaki na ji iska ta juya, kaji suka ruga ƙarƙashin rumfa, sai ƙamshin ƙasa ya taso. Ban san sa'ad da na ce, "Direba, tashi ka gani," ba. Na juya wajen bencinsa da ke gindin dalbejiya, babu kowa. Wata bakwai ke nan da rasuwarsa. Na yi kuka, ba kuma zan ɓoye ba. Ina yi da safe, ina yi da rana, wanda ya gaji da gani ya kau da kai.

Azara, 'yata, ke ce riƙe da biro, to ki rubuta yadda na faɗa. Ni ban yi makaranta ba, ko sunana ba na ganewa a takarda. Kuma ki rubuta da Hausar da kakanki ya zo da ita daga Sakkwato, ba irin taku ta yanzu mai rabi Turanci rabi Dagbanci ba. Takardar nan ta yayanki Abdulai ce. Sau uku ina yi masa magana da baki tun ran Talata, yana danna waya yana cewa, "To, Mma, na ji." Na lura magana ba ta shiga kunnensa sai ta biyo ta takarda ko ta waya. To, ga takarda.

Direba maigidana ne, ubanku. Duk unguwarmu ta Gurugu haka ake kiransa, ni ma haka na kira shi har ya koma ga Allah, ban taɓa kama sunansa ba. Jar taraktar da ke bayan gida tasa ce. Shekara uku tana tsaye rufe da tamfol, tun lokacin da ciwon shanyewar jiki ya kwantar da shi, ya ɗauke masa baki.

Ran Talata da safe Abdulai ya yaye tamfol, ya sa sabon batir, ya zuba mai. A murɗawa ta uku inji ya tashi. Duk gidan muka fito, ni har da guɗa a cikin hawaye. Ya taka kuloci, ya ja giya, sai muka ji ƙarrr, kamar ana goga wuƙa a kan dutse. Ya sake, ƙarrr. Giya ta ƙi shiga. Ya kira wani makanike daga Dabokpa, irin waɗanda muke ce wa fita. Mutumin ya zagaya ta sau ɗaya, hannunsa a aljihu, ya ce faifan kuloci ya yi tsatsa ya manne, sai an raba tarakta gida biyu, kuma tsohuwa kamar wannan ba ta kai a wahala a kanta ba. Kafin azahar Abdulai ya riga ya kira masu sayen tsofaffin ƙarafa. Gobe Asabar za su zo da lori, su yayyanka ta su kwashe.

Na leƙa wajen da direba ke sa ƙafa, na ce, "Abdulai, ina muciyar?"

"Wace muciya, Mma?"

"Wadda ke tokare da kuloci."

"Au, wannan tsohon icen? Ai tun ranar da na rufe ta na jefar. Mma, ku daina irin waɗannan camfe-camfen. Muciya ba ta tsare ƙarfe, Allah ke tsarewa."

A nan ƙasa na zauna, cikin laka. Camfi! Yaron da na haifa da cikina ya ɗauka ni da ubansa asiri muka kafa wa tarakta da muciyar tuwo. To, bari ka ji camfin.

Fiye da shekara arba'in ke nan. Lokacin Gurugu ba unguwa ba ce, gidaje ne 'yan kaɗan na Dagomba a tsakiyar gonaki. Mun taso daga zango, unguwar Hausawa, mun dawo nan don tarakta ba ta shiga lungunan can. Mba Yakubu, dattijon da gidansa ke kusa da namu, shi ya ba mu wurin zama da gona. Sai ruwa ya ƙi, shekara biyu a jere. Hadari zai haɗu baƙi ƙirin ta gabas, mu fito da bokitai, iska ta kwashe shi. Abin da ya ɗan tsira kuma wutar daji ta cinye. Na ga wuta da rana tsaka tana tsallake hanya kamar mai ƙafa, ta lashe rumbun mutane suna tsaye suna kallo. Kantuna suka zama fayau, ba sabulu, ba sukari, ba ashana. Man tarakta ya ɓace. Tayar baya ta fashe, ba a samu wata ba a duk garin. Direba ya tura ta ƙarƙashin rumfar zana, ya lulluɓe ta da tsofaffin tabarmi.

Ranar da ya ajiye ta, ya shigo madafa ina tankaɗe, ya ɗauki wani abu ya fita. Ban kula ba. Da yamma na ɗora tukunya, na nemi muciyata babu. Babbar muciya ce da uwata ta sa mini a kayan aure, hannuna ya saba da ita. Kwana uku ina nema. Har na zargi matar Mba Yakubu, baiwar Allah, muka yi sati ba ma gaisawa. Duk wannan Direba yana zaune yana ji, yana cin tuwon da na tuƙa da ƙaramin ice mai ƙona mini yatsu, bai ce uffan ba. Rana ta huɗu na bi wata kaza da ke ƙwai a ƙarƙashin tarakta, na ɗaga tabarma, sai ga muciyata. Ya danne abin taka kuloci da kanta har ƙasa, ya tokare gindinta da ƙarfen kujera. Na ce lallai mutumin nan ya raina ni. Duk icen da ke dajin nan bai ishe shi ba sai kayan aurena? Na fizge abata, na mayar da tabarma. Ban faɗa masa ba. Shi ma da ya ga ina tuƙi da ita, ya ɗauka wata na sayo, don shi duk muciyoyin duniya kamarsu ɗaya.

Haka tarakta ta tsaya shekara biyu. Ɗan ruwan da ya sauka, rumfar ta yi yoyo a kanta.

Ku da kuke zaɓen abinci yanzu, kuna cewa wake ya yi sanyi a ɗumama, bari in gaya muku yadda yini yake a lokacin. Da safe koko, tsararo, kana ganin fuskarka a ciki. Daga nan in bi matan Dagomba daji tsintar kaɗanya, mu ci naman 'ya'yan a can, mu kawo wa yara saura a bakin zane. Yayyenku biyu bakinsu kullum rawaya ne da garin ɗorawa. Tukunya sau ɗaya take hawa wuta, da yamma. Wani lokaci tuwon kokonte baƙi na garin rogo, wani lokaci jar masarar taimako mai warin buhu, wadda ko ka tuƙa ta har hannu ya gaji ba ta haɗuwa. Miyar kuka, gishiri kaɗai. Wuyan mutane ya zama kamar na zabi. Ruwan sha daga dam muke ɗebowa, kore, mu tace da ɗankwali. Wannan ruwan ne ya sa wa Direba kurkunu a ƙafar hagu, a idon sawu. Kullum da safe ina zaune ina naɗe tsutsar a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, yana cije leɓe. Ƙafar ta kumbura ta yi kamar turmi, ko taka ƙasa ba ya iyawa sai da sanda.

A ƙarƙashin gado kuma akwai tulu. Kwano shida na irin masara na zuba a ciki da toka, na liƙe bakin da laka. Yara sun san yana nan. Babbar yayarku takan kwanta a ƙasa ta yi ta kallonsa. Ina da cikinka, Abdulai, wata shida.

Zafin da aka yi kafin ruwan shekarar ban sake ganin irinsa ba. Kwanon rufi yana ƙara shi kaɗai da rana. In ka taɓa randa sai ka ji ta da ɗumi. Sai azumi ya kama. An ce mai ciki ta sha, na ce in sha me? Mai azumi da marar azumi duk da magariba suke ganin abinci. Ran uku ga azumi, da hantsi, sama ta buɗe. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, har la'asar. Yara suka fita tsirara suna ihu. Mba Yakubu, da furfurarsa, ya tsaya a tsakar gida ya buɗe hannuwa yana kuka.

Direba ya riga ya shirya, a yadda ya iya. Ya samo wata tsohuwar taya da aka ɗinke da waya. Ƙaninsa ya yi kwana uku a layi ya samo jarka biyu ta mai, daidai gonarmu da ta Mba Yakubu, ba ƙari ko ɗigo. Wani direban lori ya ara mana batir, ya ce safiya uku kawai, ran ta huɗu zai tafi Bolga da abinsa. In aka nome cikin kwanakin nan, an shuka. In ba a nome ba, babu mai ƙarfin kama fartanya a gidajen biyu, kuma ni na san ba zan ƙara sati ina kallon yarinyar nan tana kallon tulu ba. Zan fasa shi mu ci.

Safiya ta farko aka yaye tabarmi. Inji ya tashi bayan tari da baƙin hayaƙi. Direba ya sa ƙaninsa ya taka masa kuloci, ya ja giya. Ƙarrr. Irin ƙarar nan dai da muka ji ran Talata. Ya kashe inji nan take don kada mai ya tafi a banza. Ya sunkuya ya duba, ya daɗe. Sannan ya ɗago.

"Wa ya cire muciyar?"

Na ce, "Ni na ɗauki abata."

"Yaushe?"

"Tun shekarar da ka sace ta."

Ya cire hula, ya kalli cikinta, ya mayar. "Kin kashe mu, Lariba."

"Na kashe ku da muciya?"

Sai a ranar, bayan shekara biyu, bakinsa ya buɗe. Ya ce in tarakta za ta daɗe a tsaye, dole a danne kuloci a bar shi a danne, don faifansa ya rabu da babban ƙarfen inji. In aka bar su a haɗe, damshi ya shiga, tsatsa sai ta liƙe su su zama abu ɗaya. Ya gwada itatuwa da yawa, muciyata ce kaɗai tsawonta ya yi daidai.

Na ce, "To, da ka faɗa mini haka, bakinka zai faɗi ne?"

Ya ce, "Mace da tarakta, me zan faɗa miki?"

Azara, rubuta wannan da kyau, haka ya ce.

Ranar nan maza shida suka taru, duk da azumi a bakinsu. Aka sa ta a giya, inji a kashe, suna tura ta gaba suna ja baya, wai girgizar za ta ɓalle tsatsar. Rana ta fito bayan ruwa, ƙasa tana tururi. Ba a yi awa ɗaya ba biyu suka zauna, ɗaya ya ce yana ganin duhu. Ba abin da ya motsa.

Safiya ta biyu aka ɗauko wani tsohon fita a kan keke. Ya kwanta a ƙarƙashinta, ya buɗe wani ɗan murfi, ya zura ƙarfe yana ƙwanƙwasa, ƙanin Direba yana taka kuloci. Har azahar. Ya fito fuskarsa duk tsatsa, ya ce sai dai a raba ta biyu, aikin kwana goma ne, kuma in faifan ya fashe wajen ɓamɓarowa, babu sabo daga nan har Kumasi. Direba ya ce a'a. Da shan ruwa bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Na tura masa kwanon koko, ya sha, ya turo mini kwanon.

Safiya ta uku, ta ƙarshe ga batir, ya ce saura dabara ɗaya. A tayar da inji a bar shi ya yi zafi sosai. A kashe. A sa giya tun inji yana kashe, sannan a tayar da ita a cikin giyar. Za ta zabura ta tafi, ba kuma za ta tsaya ba sai an kashe ta. Ana tafiya kuloci a danne har ƙasa, a saki garma ta kama ƙasa, a dinga taka birki da ƙarfi. Inji yana ja gaba, garma da birki suna ja baya, tsatsar ce za ta karye a tsakani. Amma kuloci na ƙafar hagu ne, ƙafarsa ta hagu kuwa kun ji halin da take ciki. Aka tokare da muciya, da tarakta ta yi tsalle ɗaya muciyar ta yi waje. Ƙaninsa ya tafi neman ƙarin mai tun asuba bai dawo ba. Mba Yakubu ya ce shi zai hau ya taka. Ya hau ya tsaya a kan ɗan ƙarfen gefe, Direba ya murɗa makulli, tarakta ta zabura kamar ragon da aka kwance, sai ga Mba Yakubu a ƙasa, rawaninsa can, takalminsa can. Ya tashi yana karkaɗe riga, ya ce shi jaki ma bai taɓa kayar da shi haka ba. Sauran mazan kowa ya shiga duban sama.

Direba ya kashe ta, ya cire giya, ya sake tayar da inji don kada ya huce, mai yana ta ƙonewa. Ina jin ƙarar injin nan kamar daga cikin tuluna ake ɗiba. Raina ya ɓaci, na ɗaure zane a saman ciki, na tuɓe takalmi.

Direba ya ce, "Ina za ki?"

"Tunda ni na cire muciya, bari in zama muciyar."

"Da cikin?"

"Cikin ma nauyi ne, zai taimaka."

"Lariba, sauka."

"Murɗa makullinka, malam. Batir ba naka ba ne."

Na ɗora ƙafafuna biyu a kan abin takawar, na tsaya a kansa da duk nauyina, hannu ɗaya a kan ƙarfen da ke rufe taya, ɗaya a wuyan rigarsa. Ƙarfen yana ƙona tafin ƙafata. Ya kashe inji, ya sa giya, ya yi bisimilla ya murɗa. Haƙorana suka haɗu, na ciji harshe. Muka fita fili, inda yanzu gidan mai da shagunan sayar da waya suke. Ya saki garma, ya taka birki, tarakta ta yi nishi ta ci gaba. Muka zagayo. Ya sake. Hayaƙi yana shiga mini ido, kai kuma, Abdulai, kana ta harbina daga ciki. Zagaye na uku na ce masa, "Taka da ƙarfi mana!" Ya ce, "Ke ki riƙe naki!" Na ce, "Wuyan rigarka ya yage!" Ya ce, "Kama wuyan nawa!"

A zagaye na biyar ya nufi wani tsohon suri da ƙasarsa ta yi tauri kamar siminti. Ya saki garma duka, ya miƙe tsaye a kan birki da ƙafarsa mai lafiya. Inji ya yi wani irin gurnani, tayoyin gaba suka ɗaga sama, na ce shi ke nan, yau za mu kife. Sai ɗas! Kamar bindigar maharba. Na faɗa kan cinyarsa. Tarakta ta tsaya cik, inji kuwa yana ta kaɗawa abinsa lafiya lau.

Ya ce, a hankali, "Ɗaga ƙafarki kaɗan-kaɗan." Na ɗaga, ta motsa. "Taka." Na taka, ta tsaya.

Maza suka rugo suna ihu, "Direba! Direba!" Suka kewaye shi suna jijjiga masa hannu. Ni na sauko da kaina, bakina da jini. Matar Mba Yakubu ce kaɗai ta zo ta riƙe ni, ta ce, "Ke dai mahaukaciya ce." Ranar nan ina tsaye a gefensa ina taka masa kuloci a kowane kan kunya har ƙaninsa ya dawo da azahar ya karɓe ni. Kashegari na fasa bakin tulu, muka shuka.

Kun san godiyar da ya yi mini? Da shan ruwa ya ce, "Da ba ki cire ba, da duk ba a yi wannan ba." Na ce, "Da ka faɗa, da ban cire ba." Shekara arba'in muna wannan maganar, ba wanda ya sauka. Masara ta yi kyau a shekarar, muka ci sabon tuwo kafin a yi sunanka. Da aka gama aiki zai ajiye tarakta, ni da kaina na kai masa muciyar. Ran kasuwa ya dawo da wata sabuwa ya jingine a gefen murhu, ya fita. Gajera ce, shekara goma tana ƙona mini hannu, ban canza ta ba.

Tsaya, Azara. Ba ni ɗankwalin can. A'a, kada ki ajiye biron, wannan ne ma abin da nake so a rubuta.

Da ciwo ya kwantar da shi, kullum da safe mukan fito da shi mu zaunar a kan bencin nan. Bencin yana kallon tarakta. Sai ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya nuna ta, yana "Mm, mm." Kullum. Ni na ɗauka hawa yake so ya yi. Nakan ce, "Ina za ka da ita? Mutumin da cokali ma ni nake riƙe masa?" Ya yi ta nunawa, yana buga ƙafa a ƙasa, har hawaye su zubo masa. Da na gaji, na ce ganinta ne ke tayar masa da hankali, na sa aka juya bencin ya koma kallon bango. Daga ranar bai sake nunawa ba.

Yana zaune a nan ya ga sa'ad da ka jefar da muciyar, Abdulai. Abin da yake faɗa ke nan. Ƙafar da yake bugawa, ta hagu ce. Ni da na fi kowa sani a duniya, shekara biyu da rabi ban taɓa ɗaga tamfol na duba ba. Sai ran Talata na ji shi, yana cikin ƙasa wata bakwai. Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, shi ma ina jin haushinsa. Shekara arba'in da bakinsa lafiya lau, yana ɗauke da kai zuwa gona, bai taɓa ce maka ga amfanin icen nan ba. Sai da bakin ya tafi yake son yin bayani.

To, ka ji. Ba ta mutu ba, mannewa ta yi. Ƙafafunka biyu lafiya suke, mai kuma ga shi nan a bakin titi kamar ruwa. Ka taɓa taka kulocin nan tun kana ciki. Gobe da safe ka gwada. In ta ƙi, su yanka, ni zan shiga ɗaki in rufe ƙofa.

Ɗauko biron, Azara. Yau Asabar, an yi la'asar.

Da kika karanta masa jiya, ya ajiye waya, abin da ban taɓa gani ba. Sannan ya ce, "Mma, ke ma ai ba ki taɓa faɗa mini ba." Gaskiyarsa.

Da safe ya ɗumama inji, ya kashe, ya sa giya. Sai muka tuna babu fili. Duk inda muka zagaya a da ya zama gida da shago. Sai filin ƙwallon makaranta, can bayan masallaci. Ke da Memuna matarsa kuka shiga gaba kuna korar awaki, kuna ɗaga wa masu babur hannu kuna ihu, "Ba ta tsayawa! Ba ta tsayawa!" Wata mai sayar da koko ta kwashi tebur ta yi cikin kwata tana zagi. Ni aka kawo ni a bayan babur, aka dasa mini kujerar roba a inuwa.

Zagaye bakwai, ba komai. Yana taka birki a hankali kamar mai tuƙa motar amarya. Masu ƙarafa kuma suka iso tun kafin lokacinsu, suka jingina da lorinsu suna cin gyaɗa suna dariya. Babbansu ya ce mini, "Hajiya, ku bar tsohuwa ta huta mana." Na ce, "Wacce daga ciki?" Na tashi da sandata na shiga filin.

"Abdulai! Saki garmar duka! Tsoronta kake ji? Miƙe tsaye a kan birkin!"

"Mma, za ta karye!"

"Ai sayar da ita za ka yi a yanka! Taka!"

Ya saki garma, ya miƙe. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe, tayoyin gaba suka ɗaga. Ɗas! Wallahi irin ƙarar ce, ba ta canza ba. Ta tsaya, inji yana kaɗawa. Ya zauna a kanta yana kallon ƙafarsa kamar ba tasa ba. Mai ƙarafa ya ce, "To, Hajiya, yanzu fa?" Na ce, "Yanzu ku sha ruwa ku gaida gida." Mun bar wa makaranta kunya uku a tsakiyar filin ƙwallo, shugabansu ya zo yana faɗa, Abdulai ya yi alkawarin zai baje. Wannan tsakaninsu ne.

Da muka dawo ban shiga ɗaki ba. Na kama bencin nan ni kaɗai, na ja shi kaɗan-kaɗan har ya juyo yana kallon tarakta. Sannan na shiga madafar Memuna na ɗauki babbar muciyarta. Ta ce, "Mma, da ita nake tuƙi!" Na ce, "Zauna, 'yata, in gaya miki dalili." Na gaya mata tun daga farko, na kuma ce ran kasuwa zan sayo mata wata, doguwa. An gwada, tsawon ya yi daidai.

In kin gama, ki ninke takardar nan ki sa a leda, ki ɗaure ta a wuyan muciyar da zare mai ƙarfi. Duk wanda ya zo cirewa, ya karanta tukuna.

Na ji, Direba. Na makara, amma na ji. Kai ma da ka faɗa tun da wuri.